Karaya: Hannun Wa Za Ka Miƙa Wa Ƙashinka?

Da zarar an samu karaya a gida, kafin a gama salati shawara ta yi yawa: wannan ya ce a kira mai ɗori, wancan ya ce asibitin kuɗi, wani ya ce Dala. Ni shawarata, a fara ɗaukar hoto, sannan a tambayi inda mai taɓa ƙashin ya koyi aikinsa.

Digirin likitanci na MBBS kaɗai ba ya mai da mutum likitan ƙashi. Bayan shekara 6 a jami'a da shekara 1 ta sanin makamar aiki, sai ya ƙara aƙalla shekara 5 yana horo ƙarƙashin manya, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Za ka ga FMCOrtho ko FWACS bayan sunansa, shaidar ya ci jarrabawar ke nan. Amma FWACS ta haɗa likitocin tiyata iri-iri, don haka ka tambayi fanninsa, da ko lasisinsa na MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, yana aiki. Babu rashin kunya a ciki.

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, nan ƙwararru suka taru, kuɗin kuma da sauƙi. Sai dai layi, da jiran ranar tiyata.

Asibitin kuɗi ya fi sauri, amma sau da yawa likitan daga wani asibiti yake zuwa, ya yi aikin da yamma ya tafi. To wa zai duba ciwon washegari? Kuɗin da aka yanka maka ya haɗa da ƙarfen da za a saka, da gashin ƙashi? Masu zuwa Indiya ko Masar sauya ƙugu ma su yi wannan tunanin, don ciwo kan iya ruruwa bayan an dawo gida.

Mai ɗori yana kusa, an kuma saba da shi, amma ba ya ganin cikin nama. Idan ya matse kara, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka fara baƙi, jini ya daina zuwa ke nan. A kwance ɗorin nan take, a tafi asibiti, jinkiri kan kai ga yanke hannu. Karayar da ƙashi ya huda fata, ta gwiwar hannun yaro, ta ƙugun tsoho, da ta gadon baya, don Allah kada a ko fara da ɗori.