Lebul, madubi ko lesa: wanne ke daidaita injin buga hoto?

Wani ɗan'uwa daga Anguwan Rogo ya tambaya jiya. Ya sayi tsohon Durst na hannu, wato injin da ke haska fim a kan takarda ya faɗaɗa hoton, da lens ɗin EL-Nikkor 50mm, kuma duk hoton da ya buga tsakiya na fita tas, amma gefen hagu dishi-dishi. Shin lebul ɗin magina zai ishe shi, ko sai ya yi odar na'urar lesa?

Malam, kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar da ciwon. Ɗauko baƙin kan fim ɗin da haske ya ƙone, ka karce shi da allura daga kusurwa zuwa kusurwa, ka sa a injin, ka buɗe lens gaba ɗaya har f/2.8. In gefe ɗaya ne ya ɓaci, lalle karkata ce. In kuwa kusurwa huɗun duk sun yi laushi daidai wa daida, fim ne ya lanƙwashe da zafin fitila, ko kuma lens ne bai son a buɗe shi gaba ɗaya. Wannan ba aikin lebul ba ne.

Abu uku ake so su kwanta daidai da juna: mazaunin fim, lens, da allon da takarda ke kai. Lebul kuwa bai san wannan zancen ba, shi da ƙasa yake magana. Sai ka auna kowanne daban, sannan ka yi fatan ƙwayar ruwan ba ta yi maka ƙarya sau uku ba. Na allon ƙasa yana yinsa lafiya. A sama ne yake gazawa, kuma can ne matsalar take. Kuskuren da ke wajen fim yana ninkuwa ne da girman bugun sau kansa: in ka faɗaɗa hoto sau 10, karkatar kashi ɗaya cikin goma na milimita a mazaunin fim ta zama kusan milimita 10 a wajen takarda. Wane lebul na Kasuwar Katako ne zai ga kaurin gashi?

Madubi biyu shi ne nawa, shekara da shekaru. Ka sa mai yankan gilashi ya yanko maka biyu. Ɗaya ka kankare bayansa ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero, ka zana da'ira kewaye da ɗigon ta fuskar madubin. Cire lens, ɗaga kan fitila, kifa wannan a mazaunin fim, ɗayan kuma a allon ƙasa yana kallon sama. Leƙa ta ɗigon. Za ka ga da'irori suna shiga cikin juna kamar rijiya. In sun jeru tsakiya ɗaya, shi ke nan. In sun kauce gefe kamar wutsiya, sai ka kwance noti ka yi ciko. Ni gutsuren gwangwanin lemo nake yankawa. Aibinsa wuya ne ke ciwo, ga hawa kujera, kuma madubin banza wani lokaci kaurinsa ba ɗaya ba ne, don haka ka juya shi ka sake dubawa.

Lesa, irin Versalab Parallel, aikin madubin take yi ba tare da wahala ba. Ka ajiye ta a allo, ka ɗora ɗan gilashi a mazaunin fim, jan ɗigon ya tafi ya dawo. In ya koma ramin da ya fito, an gama. Haka za ka yi wa bakin lens, wanda da madubi sai an yi dabara. Minti biyar. Sai dai da dala ake sayenta, ga kuɗin kawowa.

Hukuncina: in ba ka wuce takardar inci 8x10, madubi ya ishe ka, ka rufe lens zuwa f/5.6 ko f/8 lokacin bugu. In kana hawa 16x20 ko kana yawan matsar da injin, lesa ta cancanci kuɗinta. Ka kuma duba teburin, in yana rawa ka ɗaure kan sandar injin da bango. Madubin nan ka riƙa nannaɗe shi a kyalle, don ƙurar hunturun Jos ba ta barin komai.