Faifan "He Stopped Loving Her Today" na George Jones: a saurara kafin a biya

Kamfanin Epic ne ya fitar da wannan ƙaramin faifan garmaho na George Jones, mawaƙin kantiri (salon waƙar karkarar Amurka), a watan Afrilun 1980, mai faɗin inci 7, mai juyi 45 a minti ɗaya. Waƙar minti uku ce da 'yan daƙiƙoƙi, Bobby Braddock da Curly Putman suka rubuta ta. Labarin wani mutum ne da masoyiyarsa ta tafi ta bar shi, ya adana wasiƙunta da hotonta shekara da shekaru, bai daina sonta ba sai ranar da aka ɗauki gawarsa.

An sha wuya kafin a gama ɗaukarta. Auren Jones da mawaƙiya Tammy Wynette ya mutu tun 1975, giya da hodar iblis sun ci ƙarfinsa, ga shi kuma bai yarda da waƙar ba, yana ganin baƙin cikinta ya yi yawa, ba mai saye. Furodusansa Billy Sherrill ne ya nace a sutudiyon Columbia da ke Nashville. Jones ya riƙa rera ta da karin wata waƙar Kris Kristofferson, ana mayar da shi hanya. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne inda ya daina rerawa ya koma magana, yana ba da labarin zuwan matar wajen jana'iza. Mashayi na iya ɓoye sarƙewar harshe cikin waƙa, amma a magana asirinsa tonuwa yake, shi ya sa sai daga baya aka ɗauki wannan gaɓa aka haɗa. Da ta fito sai ta hau lamba ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard, abin da rabonsa da shi a waƙar da ya rera shi kaɗai wajen shekara shida, ta kuma kawo masa lambar Grammy a 1981.

Wannan gaɓar magana ita ce ma'aunin faifan. Muryar Jones na ƙasa-ƙasa, siririyar muryar mawaƙiya Millie Kirkham na shawagi a bayanta, sannan gogen Turawa su taso gaba ɗaya. Faifai mai lafiya yana fito da shi tas, har numfashi ana ji. Wanda ya ci allura kuwa, sai shuuu kamar ana suya, goge ya riƙa tsagewa a ƙarshe.

Dalili shi ne yawancin ƙananan faifan Columbia da Epic na Amurka a wancan zamani ba da robar bainil aka buga su ba, da sitairin ne, wata roba mai gautsi. Ana gane ta da rashin nauyi, da takardar tsakiya da aka liƙa da gam, in kuma aka ƙwanƙwasa gefenta da farce tana ƙara kamar faranti. Sabuwa tana da sauti mai kyau, amma tsohuwar allura ko hannun garmaho mai nauyi na iya ƙwaƙule ramukanta a 'yan kunnawa kaɗan, kuma ba ta gyaruwa. Abin haushin, a ido tana nan da ƙyallinta. Don haka kallo bai isa ba, sai an kunna. A haska fitila a karkace kuma: ramin da ya yi fari-fari kamar toka ya riga ya mutu.

Wanda ya sami mai kyau ya sa nauyin allura tsakanin giram 1.5 zuwa 2, ya guji ƙananan garmahon akwati masu danna giram 5 ko fiye. Ramin tsakiyar faifan inci ɗaya da rabi ne, sai da zoben roba zai zauna daidai. A wanke shi da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, ban da sifirit, a kiyaye takardar tsakiya. A ajiye shi a tsaye cikin rigarsa, nesa da rana da ƙurar hunturu.

Mai son sauraro zalla, ba tara kayan tarihi ba, gara ya nemi babban faifan I Am What I Am na 1980. Bainil ne, ya fi jure allura, kuma waƙar ce ta farko a fuskar farko, can bakin faifai inda sauti ya fi fita sarai.