Shagon buga takardun kotu da ke gaya maka gaskiyar iyakar aikinsa

Cikin shagunan buga takardu da ke kewayen Babbar Kotun Jiha a Bida Road, cikin garin Kaduna, guda ɗaya nake tura mutane. Ɗan ƙaramin ɗaki ne: benci ɗaya, injin fotokwafi, janareta a bakin ƙofa, sai dattijon da kowa ke ce wa Baba da yarinyar da ke zaune gaban kwamfuta. Ba kayan aiki suka fi maƙwabtansu da shi ba. Baba dai ba ya karɓar kuɗinka a kan abin da ya san ba hurumin shagonsa ba ne.

Takardar rantsuwa ce ta haɗa ni da su. A katin NIN na Hajiyarmu an rubuta sunanta da na mahaifinta, a banki kuwa da na marigayi mahaifinmu, sai asusun ya ƙi motsi. Tun daga bakin titi wasu samari suka tare ni, wai in ba su sunan kawai, kafin in sha ruwa za su kawo takarda da hatimi. Baba kuwa katin ya karɓa, ya ɗora shi gefen takardar banki, ya bi su da yatsa harafi bayan harafi, sannan ya ɗago kai.

"Ɗana, ina Hajiyar?"

Na ce tana gida, ƙafa ke damunta.

"To sai ka ɗauko ta a Keke. Ni bugawa nake yi. Rantsarwa aikin kwamishinan rantsuwa ne a cikin kotu, kuma mai sunan ce za ta sa hannu a gabansa. Kuɗina daban, kuɗin kotu daban, ka tabbata sun ba ka rasit."

Ya ƙara da cewa in fara tambayar bankin ko za su nemi a buga canjin sunan a jarida, kada in yi wahala biyu. Sun nema kuwa.

Abin da ya fi amfani a wurinsu shi ne sanarwar safe. Yaron shagon kan shiga harabar kotu da wuri, ya ɗauki hoton jadawalin shari'un ranar da duk wata sanarwa da aka manna, ya tura wa abokan hulɗarsu ta WhatsApp. Wanda bai taɓa yin shari'a ba ba zai gane darajar wannan ba. Mutum zai baro Kafanchan ko Birnin Gwari da asuba, ya rufe shagonsa, ya biya wa shaidu kuɗin mota, ya iso a ce masa kotu ba za ta zauna ba, an ɗage. Haka nan lokacin hutun shekara na manyan kotuna, da ake barin alƙalin hutu don ƙararrakin gaggawa irin su beli, Baba kan yi wa mutane bayani tun kafin su kashe kuɗi. Waɗanda suka daɗe da shi sun ce haka ya yi musu a 2021, lokacin da ƙungiyar ma'aikatan kotu, JUSUN, ta shiga yajin aiki a watan Afrilu, kotuna suka zauna a kulle sama da wata biyu.

Yana kuma nuna wa mutum ƙofar da ta dace da shi. A gabana wata baiwar Allah ta zo da maganar gado, ya ce mata, "Hajiya, wannan na kotun shari'ar Musulunci ne, ki nufi Magajin Gari ko wadda ke kusa da unguwarku." Bai buga mata ko layi ɗaya ba.

Sai dai akwai gyara. Babu farashi a rubuce, kuma na lura kuɗin kan ɗan tashi idan babbar riga ta sha guga. Yarinyar tana da sauri, amma a kan tsohon fayil take ɗora sabon aiki; a takardar Hajiya sai ga shekarar haihuwar wani bawan Allah ta maƙale a sakin layi na biyu. Ta gyara nan take, ba gardama, amma ka karanta kowane layi kafin ka fita. Hotunan jadawalin ma wani lokaci dishi-dishi suke zuwa, kuma ba su haɗa da kotunan shari'a na Rigasa ko Daura Road ba. Sannan saƙon WhatsApp ba sanarwar kotu ba ce. Idan an ce ba zama, ka kira lauyanka ko ka tuntuɓi rajistara, don mai ƙarar da bai bayyana ba ana iya korar ƙararsa, kuma ba wanda zai saurari "ai a waya na gani".

Mai zuwa ya zo da asalin takardunsa da ƙananan hotuna biyu, ya kuma yi sammako, don benci ɗaya ne kuma mata masu goyo kan ƙare a tsaye. Ranar Juma'a ana rufewa kafin a tafi masallaci.