Madubin inci 6 a saman soronmu: abin da na gani bayan shekara guda

Wannan ita ce na'urar hangen taurari ta biyu da na mallaka, kuma yabon da zan yi mata ba zai fito sosai ba sai na fara da ta farko. Waccan na yi odarta ne ta intanet daga Legas. Kwalinta ya sha hotunan taurari masu launi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa tana ƙara girman abu sau 525. Faɗin madubinta milimita 114, takardar jikinta kuma ta ce nisan da haske ke tafiya kafin ya tattaru milimita 1000 ne. Amma bututun bai fi rabin mita ba. Da na san abin da na sani yanzu, a nan zan tsaya. A ƙirar Newton, wato na'urar da ke tattara haske da madubi a gindin bututu, tsawon bututu kusan daidai yake da wannan nisan. In ka ga an rubuta 1000 a jikin guntun bututu, to an ɓoye wani ƙaramin gilashi ne a cikin wurin leƙawa don ya miƙa hasken, kuma ana yin haka galibi don a rufa wa madubi mai araha asiri. Wata yana fitowa ba laifi. Amma Mushtari, wato Jupita, duk yadda na murɗa sai in ga kamar ƙwai a cikin kunu. Na daɗe ina zargin idona.

Ta biyun ɗan yayata ne ya taho mini da ita da ya dawo daga karatu a waje. Faɗin madubi milimita 150, wato inci 6, nisan tattaruwar haske milimita 1200, bututu ya haura mita ɗaya. Ba ta da ƙafafu uku. Tana zaune ne a kan akwatin katako mai juyawa, irin ƙirar da John Dobson ya yaɗa a Amurka tun shekarun 1960. Abin da na roƙe shi kafin ya biya kuɗi guda ɗaya ne. Na ce masa, "Ka tambaye su a rubuce, madubin farabola ne ko ɓallin ƙwallo?" Ya ce, "Kawu, ai duk madubi ne." Na ce a'a, kuɗin duk a nan yake.

Bari in yi bayani kamar yadda nake yi wa ɗalibaina a ajin fiziks. Madubin da ya fi sauƙin gogewa shi ne wanda lanƙwasarsa take kamar an yanko shi daga jikin ƙwallo, kamar sakaina daga ƙwarya. Matsalarsa ita ce hasken da ya faɗo a gefensa yana tattaruwa kusa, wanda ya faɗo a tsakiya kuma sai ya ɗan ƙara gaba. Ba su haɗuwa a wuri guda, don haka babu inda za ka murɗa hoto ya fito tas. Farabola kuwa irin lanƙwasar faifan dish ce da ke kan rufin gidajenmu: duk abin da ya zo daga nesa, ɗigo ɗaya take tara shi. A ido ba za ka bambanta su ba, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa.

Ba kowane madubin ƙwallo ne abin ƙi ba, kada in yi zalunci. Ma'aunin da aka gada daga masanin fiziks Lord Rayleigh shi ne kada kuskure ya wuce rubu'in tsawon zangon haske, shi kuwa zangon koren haske kimanin nanomita 550 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Madubin ƙwallo mai faɗin 114 da nisa 900 yana shiga cikin wannan iyakar, saboda lanƙwasarsa ba ta da zurfi. Amma mai faɗin 130 da nisa 650, in ba farabola ba ne, kuskurensa ya kusa zango guda cif, kusan ninki huɗu na abin da aka yarda da shi. Gajere mai faɗi, dole farabola. Siriri mai tsawo, ana iya yi masa uzuri. Kuma wannan ciwon bai bar manya ba. Na'urar hangen taurari ta Hubble da aka harba sararin samaniya a 1990, mai madubin mita 2.4, an goge gefenta fiye da kima da kimanin maikiron 2.2 kacal (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma hotunanta suka riƙa fitowa dishi-dishi har sai da 'yan sama jannati suka je suka saka mata gyara a Disambar 1993.

To rubutun ɗan kasuwa daban, abin da madubi ke yi daban. Masu goge madubi suna da gwajin bakin wuƙa na Léon Foucault tun 1858, da na zane-zanen Ronchi na 1923, amma duka biyun sai ka ciro madubin ka kafa kayan aiki. Ni tauraro na sa ya yi mini alƙalanci, kuma kyauta ne.

A farkon Disambar 2024 na yi gwajin, a saman soronmu da ke wajen Ƙofar Marusa, daren da aka ɗauke wuta unguwa ta yi duhu. Na fitar da na'urar tun bayan magariba, ban leƙa ba sai bayan isha'i. Wannan jiran wajibi ne a Katsina. Ɗakin kwano yana riƙe zafin rana, madubi mai kauri ya sha wannan zafin, kuma muddin yana fitar da shi, iskar cikin bututu za ta yi ta rawa har ka ɗauka madubin ne ba shi da kyau. Shi ma daɓen siminti yana huci har cikin dare, shi ya sa nake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Mutanen Turai suna son yin gwajin da tauraron arewa saboda ba ya gusawa, amma a nan bai fi digiri 13 daga ƙasa ba, yana cikin ƙura da hayaƙin gari. Na zaɓi Aldabaran, jan tauraron nan da ke bin Kaza da 'Ya'yanta, wanda ke hawowa kusan tsakar kanmu.

Na saka gilashin leƙawa na milimita 6, wanda ke ba da ninki 200, domin 1200 ake rabawa da 6. Na kawo tauraron tsakiya, na murɗa ciki kaɗan har ya buɗe ya zama zobba a cikin zobba da baƙin ɗigo a tsakiya, wato inuwar ƙaramin madubin da ke kusa da bakin bututu, wanda ke juyo haske zuwa wurin leƙawa. Sannan na murɗa waje daidai wannan gwargwado. Abin da ake nema shi ne hotunan biyu su yi kama da juna. A tsohuwar na'urata, zobban ba su taɓa yin kama ba, gefe guda ma ba zobba ake gani ba sai hazo. Madubin ƙwallo tsantsa alamarsa sananniya ce: a ciki zoben waje ya yi kaifi da haske, inuwar tsakiya ta yi girma, a waje kuma komai ya dushe. A sabuwar, zobban ciki sun ɗan fi na waje kaifi, kaɗan ƙwarai, sai ka ƙura ido. Inuwar tsakiya girmanta ɗaya a duka gefen. Ba cikakke ba ne, amma farabola ce ta gaskiya, kuma na yi hamdala.

Daren farko dai ba haka ta fito ba. Zobban sun karkata gefe guda, siffar kuma ta ɗan yi kusurwa uku, har gabana ya faɗi. Karkatar daga jijjigar hanya ce, madubai sun goce, na daidaita su da sukurori ukun da ke gindin bututu. Kusurwa ukun kuwa maƙallan da ke riƙe madubin ne aka ɗaure tamau. Na sassauta su har takarda na iya shiga tsakani, siffar ta koma da'ira. Abin da ba ya gyaruwa shi ne in ka ga tauraron ya yi siffar ƙwai a tsaye, ka murɗa ɗaya gefen ya koma ƙwai a kwance, kuma sassauta maƙallai bai canza komai ba. Irin wannan mayar wa mai shi za ka yi.

A wannan watan Mushtari yana kusa da Aldabaran. A ninki 120 na ga ratsinsa biyu masu duhu da ƙananan lanƙwasoshi a bakinsu, ga watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610 sun jeru kamar carbi. Wani dare na ga inuwar ɗayansu, ɗigo baƙi ƙirin a fuskar duniyar. Maƙwabcina, dattijo ne mai karatun zaure, ya hawo ya leƙa ramin Kofanikas da ke jikin Wata, mai faɗin kilomita 93. Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Malam, Subhanallahi, har da tudu a tsakiyarsa."

Tana da nata aibu. Ita da akwatinta sun haura kilo 15, hawa soro sai sawu biyu. Gilashin milimita 25 da ya zo da ita yana da kyau, na 10 ɗin kuwa ƙuntatacce ne, sai ka manna ido. In abu ya zo tsakar ka sosai, bin sa da akwatin Dobson yana da wuya. Hoto kuma a kife yake fitowa, don haka ba ta kallon gari ba ce. Kada ka yi tsammanin wuce ninki 300, wato sau biyu na faɗin madubi a milimita, kuma iskarmu ba kasafai take barin in wuce 200 ba.

Ƙurar hunturu za ta sauka a kan madubin ko ka rufe. Kada ka sa tsumma, domin almuniyam ɗin a saman gilashi yake, ba a baya ba kamar madubin ɗaki. Sau ɗaya na wanke nawa, da tataccen ruwan da ake zuba wa batir, bayan na tabbatar ba mai asid ba ne, na jingine shi ya bushe da kansa. Masu tambayata ko za a nemi jinjirin wata da ita, za a iya, amma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin leƙa rana da madubin inci 6 yana ƙona ido nan take. Da rana ina ajiye ta a rufe, a ɗakin da yara ba sa shiga.