Gwajin kalca da munka yi ma Inna a wani lab nan Sakkwato

Wanga lab mai zaman kanshi ne nan cikin gari, ba zan kira suna ba kar a ce talla nike musu. Inna ce ta daɗe tana fama da zafin fitsari, a sha Septrin daga kemis ya lafa ya dawo, a sha cipro ya lafa ya dawo, har likita yac ce a bar cinta-cinta haka nan a je a yi kalca, wato a shuka ƙwayar cutar da ke cikin fitsarin, a san wace ƙwaya ce tukun.

Matar da ke karɓar samfur ta burge ni gaskiya. Kwalba ta ba mu rufaffa sabuwa, tac ce "Inna ki yi tsarki, ki bar na farko ya zuba, na tsakiya za ki tara", ni kuma ta juyo tac ce Malam kar ya wuce awa 2 bai iso nan ba don ƙwayoyin suna ta hayayyafa cikin kwalbar sai lissafi ya ɓaci. Ta tambayi maganin da Inna tas sha kwanan nan ta rubuta, don antibayotik na iya hana ƙwayar fita a gwaji.

Da anka ce sai bayan kwana 2 zuwa 3 raina ya ɗan sosu, mun saba da Widal da ake miƙo ma takarda tun ba ka gama gaisawa da mutane ba. To amma shi wanga shuka ce ake yi. Mai gwajin da ya ga na cika tambaya sai ya ɗauko farantin da anka yi shukar a kai ya nuna min ta bayan gilashi, wani abu ne mai santsi da suke ce ma MacConkey, an shafa fitsarin a kai an sa a inkubeta, akwatin ɗumama shukar, a digiri 37 na awa 24, (na ce mai ai zafin Afrilu na garin nan ya fi inkubetarku, yai dariya) ga ɗigo-ɗigo ruwan hoda sun fito reras. Yac ce kalar ta nuna ƙwayar na cin sukarin madara, amma wannan bai isa a sa mata suna ba, sai sun yi rinin Gram, wanda tun 1884 ake amfani da shi, wasu ƙwayoyin su riƙe shuɗi mai duhu wasu su koma ja-ja, ta Inna ja-ja ce mai siffar ɗan sanda a madubin duba ƙwayoyin cuta. Sannan gwajin indol, in an ɗiga sinadari jan zobe ya taso saman kwalbar. Da haka sunka tabbatar E. coli ce.

Inda kuɗina ya halatta shi ne faranti na biyu. Ƙananan takardu zagayayyu kowace da maganinta an jera bisa ƙwayar, wanda ke aiki sai ka ga fili fes kewaye da shi ana auna faɗinshi da milimita, wanda bai aiki ƙwayar ta mamaye shi har gindi. Septrin da cipro da munka yi ta saye duk R anka rubuta musu, wato ƙwayar ta gagare su. Nitrofurantoin ne yas samu S, wato yana aiki a kan ƙwayar, shi likita ya ɗora ta a kai, yanzu alhamdulillahi tana barcinta har asuba.

Abin da bai yi min ba wurin zama, benci guda ne ga tsofaffi ga masu ciki ga fanka ba ta motsi in an ɗauke wuta, wai solarsu ta inkubeta da firij ce kawai, na yarda da uzurin amma a ƙara benci mana. Sun ce za su kira in sakamako ya fito ba wanda ya kira sai da na tako da ƙafata. Kuɗin ma ya fi na Widal nesa ba kusa ba. In za ku je ku sammaka da takardar likita a hannu, kuma ku riƙe tsabar kuɗi don POS ɗinsu sai ya ga dama.