Sashen dashen ɓargo a Baltimore, inda ake kora 'yan dubiya

Jama'ar gida, abin da ke fara ƙona wa Bahaushe rai a sashen dashen ɓargo a nan Amurka shi ne ƙofa. Ka zo da kular tuwo, a ce ajiye ta waje. Mai mura ba ya shiga, ko da mahaifiyar majiyyaci ce. Sai ka rantse wulaƙanci ne, alhali mai sankarar jinin nan an kashe masa ɓargonsa da magani, zai yi mako biyu zuwa uku ba garkuwa. Zafin jiki ya kai digiri 38, cikin awa guda an ɗaura masa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. Babu "je ka sayo".

Babban tashin hankalin shi ne sabon ɓargon ya ɗauki jikin mai shi a matsayin baƙo, ya far wa fata da hanji da hanta: ƙuraje, gudawa, shawara. A asibitin Johns Hopkins da ke nan Baltimore aka fito da dabarar daƙile shi da tsohon magani, cyclophosphamide, miligiram 50 kan kowane kilo na nauyin mutum, rana ta 3 da ta 4 bayan dashe, daidai lokacin da ƙwayoyin da za su yi tawaye ke hayayyafa. Ana haɗa shi da wani magani mai suna mesna da ruwa mai yawa don kada mafitsara ta zubar da jini. Rana ta 5 a fara tacrolimus da mycophenolate, magungunan danne garkuwar jiki. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna kusan kashi 53 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wannan dabarar sun cika shekara ba mummunan tawaye ba dawowar cuta, a tsohuwar hanya kashi 35.

Da wannan dabarar, wanda jininsa ya dace rabi ma ya isa: uba, uwa, ɗa, ɗan'uwa. Baƙar fata a nan da wuya ya samu cikakken dacewa a rajistar masu bayarwa, mu kuwa Allah ya ba mu dangi gida-gida. Amma a ce a zo gwaji, kowa ya sulale, wai za a fasa masa ƙashin baya! Alhali bayarwar yawanci allura ce ta kwana huɗu ko biyar, sannan na'ura ta tace jinin ta hannu na 'yan awoyi.

Bayan sallama kuma, ba fura da ɗanyen nono, ba tsiren bakin titi na tsawon watanni, wannan kam da ciwo. Jiƙon da gwaggo za ta turo a ɓoye na iya dagula awon tacrolimus a jini, ƙoda ta taɓu.