Injin faskare yana mutuwa a bakin aiki: a gyara, ko a sayi wani?

Kawuna yana sayar da itace a Jos tun kafin a yaye ni, yawancin cinikinsa kuma da gidajen burodi ne da masu tsire. Da ƙarfi ya fara ja baya, 'yan faskare kuma suka tsawwala kuɗi, sai ya sayi injin faskare na hannu, irin wanda famfon mai ke tura gungume ya danna shi a kan wuƙar ƙarfe. Wata uku ana sam barka. Sanyi na shigowa injin ya fara hali. A ja igiya ya tashi, ya yi kukansa lafiya lau, wuƙa na taɓa gungumen kirya ya yi tari biyu ya mutu.

"Kai ɗan nan, gobe ka raka ni Dilimi mu ɗauko sabo. Wannan ya gama yawo."

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a bar mini shi yini ɗaya tukuna."

Abin da ya sa na roƙi yinin nan shi ne, ƙaramin inji ba ya mutuwa haka siddan, kuma lokacin da yake mutuwa shi ke tona asirin ciwonsa. Idan yana aiki minti goma ko sha biyar ya mutu, ya huta ya sake tashi, a fara da murfin tanki. Akwai 'yar ƙofar iska a jikinsa, in ƙura ta toshe ta fetur ba ya sauka. A sassauta murfin, in aka ji ya shaƙi iska inji kuma ya ci gaba, an gama. Idan kuwa ba ya ci gaba da aiki sai da cok (makullin iska) a rufe, kafireta ce ta toshe. A ƙasanta akwai ɗan kofi mai kusa, a kwance a tsiyaye cikin farar kwalba. Wanda ya saba sayen fetur a galan wurin 'yan bumburutu zai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, fetur na yawo a sama, wani lokaci har da jan tsatsa.

Akwai kuma mutuwar farat ɗaya, kamar an kashe makunni. Injinan zamani suna da na'urar da ke kashe su in baƙin mai ya yi ƙasa. Cikin ƙananan duka-duka bai wuce lita 0.6 ba, saboda haka ko da mai a ciki, in aka ajiye inji a karkace na'urar za ta ɗauka babu. A garin da fili mai shimfiɗa yake wuya kamar namu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu makanikai maganinsu su cire 'yar wayar nan ruwan ɗorawa su ce an warke. Ni dai ban yarda a yi wa injina haka ba, don ranar da man ya ƙare da gaske babu mai faɗa maka sai fistin ya kama.

Na Kawu ba ko ɗaya a cikin waɗannan, ko da yake na wanke kafireta na fitar da datti, na canza fulogi. Shi sai ya haɗu da itace yake mutuwa, wato nauyi ne ya fi ƙarfinsa. Famfon waɗannan injina hawa biyu ne: yana tura mai da yawa da sauri har wuƙa ta isa itace, daga nan ya rage gudu ya ƙara ƙarfi. Da na goge ƙurar jikin famfon sai na ga an rubuta galan 16 a minti, kusan lita 60. Injin da aka ɗaura masa kuwa mai sisi 163 ne (sisi, wato cc, ma'aunin girman cikin inji). Irin wannan inji abokin tafiyarsa famfo mai galan 11 ne, mai galan 16 yana son inji mai ƙarfin doki takwas zuwa sama. Wanda ya haɗa shi ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ya sayar. A kan malaina da turare yana lallaɓawa, kirya da marke ne suka ƙi rufa masa asiri. Ga man famfon ya yi kauri saboda sanyin Disamba, da safe kamar zuma.

Sai abin da masu shago ba sa faɗa, wataƙila ma ba su kula ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba. Littafin da Honda ke haɗawa da injinanta ya ce ƙarfin inji yana raguwa kusan kashi 3.5 cikin ɗari a kowane hawan mita 300. Ka lissafa, kusan kashi 14 ke nan ya tafi tun kafin ka ja igiya. Shi ya sa fulogi ke saurin yin baƙi a nan, fetur ya fi iska yawa a cakuɗin. Injin da ya yi daidai wa daida a Abuja, in ya hau tudu sai ya riƙa haki. Duk mai sayen inji a Jos, ko na faskare ne, ko na markaɗe, ko na ban ruwa a kududdufan kuza na wajen Bukuru, ya sayi wanda ya ɗan ɗara buƙatarsa.

To, ga zaɓin da muka auna.

Mafi araha, a bar inji a canza kafireta gaba ɗaya. Ta injinan nan tana ko'ina, kusa biyu ke riƙe da ita, kuɗinta bai kai a yi ta kai wa makanike wanki sau uku ba. Ga wanda ciwon injinsa na cok ne, nan ya kamata ya tsaya. Mu ba ta fisshe mu. Haka canza famfo zuwa ƙarami, zai yi, amma wuƙa za ta riƙa tafiyar hawainiya, Kawu kuma yana da motar itace da ake jira kowace Asabar.

Gardamar gaske tana tsakanin ɗan Caina da Honda na asali. 'Yan Cainan da suka cika kasuwa kwaikwayon jerin GX na Honda ne. Wanda ake rubuta wa 168F mai sisi 196 ɗan'uwan GX200 ne, 177F na GX270, 188F kuma na GX390. Kada lambar doki ta jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an manna 6.5 ko 7 a kan mai sisi 196, alhali Honda da kanta ƙasa da doki shida take lissafa wa nata. Sisi za ka duba, shi ne girman cikin inji, fenti ba ya ƙara shi. Amfanin ɗan Caina a fili yake: kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, kayan gyaransa kamar ƙasa, yawanci ma suna shiga na juna, kuma ko yaron makanike ya san cikinsa. Aibinsa shi ne sa'a ce. Biyu daga kwali ɗaya, wani ya shekara uku, wani ya fara hayaƙi kafin damina. Robobinsa da tiyon mai da igiya su ke fara sallama.

Honda na asali ya fi tashi da sauƙi da sanyin safiya, ya fi riƙe gudu in nauyi ya hau, ya fi daɗewa. In injin ne abincinka, kullum daga safe har la'asar, kuɗin zai dawo. Matsalar ita ce jan fenti da takardar manni ba su da tsada. Lambar inji ta gaske a jikin ƙarfe ake buga ta, a tsabtace, ba a takarda ba. Na hannu kuma, wanda ake ce wa ɗan Beljiyam, sai an yi da hankali: a ja igiya a hankali a ji ko tana turjewa, in tana zuwa salalau ciki ya cinye. A tayar a gabanka, shuɗin hayaƙi alamar yana shan baƙin mai ne. In ka tarar da injin da ɗumi tun kafin ka iso, ka ce za ka dawo gobe da sassafe.

Injin gas mai tukunyar ruwa a ka yana da ƙarfin ja da tsimin mai, masu niƙa sun san shi. Amma famfon faskare an yi shi ne don juyi 3,600 a minti, shi kuwa ba ya kai haka, sai an haɗa da bel da fule, ga nauyi, ga wahalar tashi a hunturun Jos. Injin lantarki ba ya tari ba ya hayaƙi, sai dai filin itacen Kawu ko ƙwan fitila babu.

Abu ɗaya da ke mayar da mutane kasuwa sau biyu shi ne sandar inji, wadda ke juya famfo. Ta ƙananan akwai mai kaurin milimita 19, akwai mai 20, ido ba ya rabe su. Ta manyan tana kai 25. Ta injin janareto kuma mai tsini ce, ba ta shiga ko kaɗan, komai arhar da aka yi maka. Mu mun kwance mahaɗin famfon da ƙarfen da yake zama a kai muka sa a buhu muka tafi da su.

Mai shagon ya so ya tura mana mai sisi 196. "Alhaji, wannan doki bakwai ne, ko dutse zai fasa."

Kawu ya dube ni, na girgiza kai. Ya ce, "Ɗauko mana yayansa."

Ɗan Caina mai sisi 270 muka ɗauka, don kuɗin Honda mai wannan girma ya fi ƙarfin aljihun Kawu a lokacin, aikinsa kuma na kwana uku ne a mako. Muka sayi sabon mahaɗi mai faɗin sandarsa, muka juye man famfon muka zuba marar kauri. Baƙin man farko na zubar da shi bayan awa 20, ya fito da ƙyalƙyalin garin ƙarfe, daga nan sai kowace awa 100. Da safe Kawu yana barin injin ya yi minti biyar yana kuka, ya tura wuƙa gaba da baya babu itace sau uku ko huɗu har man ya yi ɗumi, sannan a ɗora kirya. Tsohon injin kuwa lafiyarsa ƙalau, yana can ƙofar gida matar Kawu na markaɗen tattasai da shi.